Tilascin Tattalin Arziki a Dokar Yarjejeniya ta Ingila: Yadda Ya Bunƙasa da Inda Ya Tsaya

1.0 Gabatarwa

Dokar yarjejeniya ta Ingila ta ginu ne a kan ƙa'ida guda, watau duk baligi mai hankali da ya ƙulla alkawari da yardarsa, to, alkawarin ya hau kansa, ko ya ci riba ko ya faɗi. Alƙali ba ya tambayar ko ciniki ya yi tsada ko ya yi araha. Abin da yake tambaya shi ne ko an yarda. To, amma ita yarda suna ta tara. Akwai yardar mai zaɓi, akwai kuma yardar wanda aka kai bango, irin wadda Bahaushe ke nufi idan ya ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana.

A wannan maƙala za mu bi sawun hukunce-hukuncen da kotunan Ingila suka yanke game da irin wannan yarda ta biyu, musamman inda abin da aka yi wa mutum barazana da shi ba duka ba ne, ba kisa ba, sai dai durƙusar da sana'arsa ko hanyar cin abincinsa. Wannan shi ne muke kira tilascin tattalin arziki. Abin da muke son nunawa shi ne, ƙa'idar ta yi nisa wajen tsare mutane daga mai karya alkawari, amma ta ja birki daidai inda mai rauni ya fi bukatarta, watau gaban mai ƙarfin da ƙarfinsa ya isa har ba ya bukatar ya karya wata doka kafin ya sami abin da yake so.

2.0 Tsohon Matsayi

A da can, tilascin da alƙalan Ingila suka sani shi ne na jiki: duka, ko tsarewa, ko barazanar kisa. Game da dukiya kuwa, sai aka sami hukunce-hukunce masu karo da juna. A shari'ar Astley da Reynolds ta 1731, wani mutum ya jinginar da kayan azurfarsa a kan fam 20. Da ya zo fansa, sai mai riƙe da jinginar ya ce ba zai saki kayan ba sai an ba shi fam 10 kuɗin ruwa, abin da ya haura iyakar da doka ta yanka. Mutumin ya biya, ya karɓi kayansa, sa'an nan ya kai ƙara, kotu kuma ta sa aka mayar masa da rarar.

Amma a shari'ar Skeate da Beale, a farkon shekarun 1840, sai aka ga wani abu dabam. Mai gida ya kama kayan ɗan haya, ya yi barazanar sayar da su, ɗan hayar kuwa ya yi alkawarin biyan kuɗin da yake musun ana bin sa. Kotu ta ce riƙe wa mutum kaya bai isa ya warware alkawari ba. Ashe ke nan wanda ya riga ya biya yana iya karɓo kuɗinsa, amma wanda ya yi alkawarin biya dole ya cika. Wannan bambanci ba shi da wata hujja ta hankali, domin matsin da ya sa wancan ya zaro kuɗi shi ne ya sa wannan ya sa hannu.

Alƙalan wancan zamani suna da wata dabara da suke rufe wannan giɓi da ita, watau ƙa'idar abin musaya, wadda ta ce alkawari ba ya hawa kan mutum sai in an ba shi wani sabon abu a madadinsa. Misalin da kowa ya sani shi ne shari'ar Stilk da Myrick ta 1809. Ma'aikatan jirgin ruwa biyu sun gudu a tsakiyar tafiya, sai shugaban jirgin ya yi wa sauran alkawarin raba musu albashin waɗanda suka gudu idan sun kai jirgin Landan. Da aka iso, sai aka hana su, kotu kuma ta ce ba su da haƙƙi, don ba su yi kome ba face aikin da tun asali suka ɗauka. Masana da yawa sun lura cewa abin da ke cikin zukatan alƙalai shi ne tsoron kada ma'aikata su riƙa ritsa shugaban jirgi a tsakiyar teku, amma ba su da sunan da za su kira wannan tsoro da shi a doka.

3.0 Haihuwar Ƙa'idar

Amurka ta riga Ingila a wannan fage. Tun a 1947 John Dawson ya rubuta nazarinsa a kan tarihin tilascin tattalin arziki, a 1971 kuma babbar kotun Jihar New York ta yi aiki da ƙa'idar a shari'ar Austin da Loral. A Ingila kuwa sai a 1976 Mai Shari'a Kerr ya buɗe ƙofar, a shari'ar wasu jiragen dakon mai guda biyu, Siboen da Sibotre. Waɗanda suka yi shatar jiragen sun ce za su karye idan ba a rage musu kuɗin haya ba, masu jiragen kuwa suka rage. Kerr ya ce a waɗannan al'amura bai ga tilas ba, illa matsin kasuwa na yau da kullum, amma ya ƙi yarda da cewa tilas ta tsaya a kan jiki kaɗai.

Hukunci na farko da ya ce lalle an yi tilascin shi ne na jirgin Atlantic Baron, wanda Mai Shari'a Mocatta ya yanke a 1978. Kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya ɗauki kwangilar ƙera jirgin dakon mai a 1972 a kan tsayayyen farashi na dalar Amurka. A 1973 aka karya darajar dala da kashi 10 cikin 100, sai Hyundai ya ce ko a ƙara masa kashi 10 cikin 100, ko ya ajiye aiki, alhali kwangilar ba ta ba shi wannan dama ba. Masu jirgin suna da shata mai tsoka da kamfanin Shell wadda za ta kuɓuce musu idan jirgin ya makara, saboda haka suka biya ƙarin, kimanin dala miliyan 3. Mocatta ya ce wannan tilas ce. Duk da haka ba su sami ko sisi ba, domin sun karɓi jirgin a watan Nuwamba na 1974, ba su nemi kuɗinsu ba sai a watan Yuli na 1975. Shirun wata takwas, in ji kotu, amincewa ne. Daga nan aka fahimci cewa tilas ba ta rushe yarjejeniya da kanta. Dama ce kawai take bai wa wanda aka matsa ya warware, idan kuwa ya yi jinkiri bayan matsin ya kau, damar ta wuce shi.

4.0 Neman Tilas a Inda Ba Ta

Suka ta farko da za mu yi wa waɗannan hukunce-hukunce na fari ita ce, sun nemi tilas a cikin zuciyar wanda aka matsa, maimakon a hannun wanda ya yi matsin. A shari'ar Pao On da Lau Yiu Long ta 1979, wadda ta zo daga Hongkong zuwa Kwamitin Shari'a na Majalisar Sarauniya, Mai Shari'a Scarman ya ce sai matsin ya kai ga murƙushe nufin mutum har yardarsa ta zama ba yarda ba. Ya kawo alamomi huɗu: ko mutumin ya nuna ƙin yarda a lokacin, ko yana da wata mafita, ko ya sami shawarar masani, ko kuma ya yi hanzarin warwarewa daga baya.

Alamomin nan suna da amfani, amma tushen da aka ɗora su a kai ba shi da ƙwari. Kamar yadda Farfesa Atiyah ya nuna a 1982, wanda aka tsare da wuƙa aka ce ya ba da jakarsa bai rasa nufinsa ba. Hasali ma yana ba da jakar ne da cikakken sani, don ya auna ya ga ransa ya fi ta. Haka masu jirgin Atlantic Baron: sun zauna da lauyoyinsu, sun yi lissafi, sun ga biyan ƙarin ya fi asarar shatar Shell sauƙi. Babu nufin da aka murƙushe a nan. Abin da ya faru shi ne an ƙuntata musu zaɓi ta hanyar da ba ta halatta ba. In da za a bi maganar murƙushe nufi sau da ƙafa, da sai mai kuka da rawar jiki ne kaɗai zai ci shari'a, ɗan kasuwa mai natsuwa kuwa ya faɗi saboda natsuwarsa.

Gyaran ya fara ne a 1982, a shari'ar jirgin Universe Sentinel. Jirgin yana ɗauke da tutar Laberiya, ya tsaya a tashar Milford Haven a 1978, sai ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya ta sa jiragen ja suka ƙaurace masa, aka hana shi fita sai masu shi sun biya wasu kuɗaɗe, ciki har da dala 6,480 ta asusun jin daɗin ma'aikata. Kotun Majalisar Dattawa, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta ce a mayar da wannan kuɗi, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu. A nan ne aka tsayar da rukunai biyu: matsin da ya bar mutum ba shi da wata mafita ta zahiri, da kuma kasancewar matsin ba na halal ba. A 1988 Mai Shari'a McHugh na Ostireliya ya yi watsi da maganar murƙushe nufi ƙarara, a 1991 kuma, a shari'ar jirgin Evia Luck, Mai Shari'a Goff ya nuna shakkarsa game da ita, ya ce abin dubawa shi ne ko haramtaccen matsin yana cikin manyan dalilan da suka sa aka ƙulla yarjejeniyar.

5.0 Inda Ƙa'idar Ta Yi Aiki

Da aka koma duban halaccin matsi, sai ƙa'idar ta zama makami mai kaifi a kan mai barazanar karya alkawari. Shari'ar Atlas da Kafco ta 1989 ta isa misali. Kafco ƙaramin kamfani ne mai shigo da kwanduna, ya sami odar kai kaya shagunan Woolworth, ya yi jinga da kamfanin dako na Atlas a kan fam 1.10 kowane kwali. Manajan Atlas ya yi zaton kowace mota za ta ɗauki kwali 400 zuwa 600, sai lodin farko ya tashi 200 kacal. Sai aka turo direba da mota ba kaya, da takarda a hannunsa: ko a sa hannu a kan fam 440 mafi ƙaranci kowane lodi, ko ya juya. Lokacin kuwa kakar cinikin Kirsimeti ta gabato, babu inda Kafco zai sami wani mai dako, rasa Woolworth kuma karyewarsa ce. Ya sa hannu, daga baya ya ƙi biya, Mai Shari'a Tucker kuma ya ba shi gaskiya.

A ƙarshen shekarar nan ta 1989 nauyin da ke kan ƙa'idar ya ƙaru. A shari'ar Williams da Roffey, wani kafinta ya karɓi aikin gidaje 27 a kan fam 20,000, kuɗin suka gaza, sai babban ɗan kwangila ya yi masa alkawarin ƙarin fam 10,300 don gudun tarar jinkiri. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce amfanin da ɗan kwangilar ya samu na gama aiki cikin lokaci ya isa abin musaya, matuƙar ba a samo alkawarin ta hanyar tilas ko zamba ba. Ma'ana, tsohuwar katangar Stilk da Myrick ta gajarce, an bar ƙa'idar tilas ita ce mai gadin ƙofa. Mu a ganinmu wannan ci gaba ne, domin yanzu alƙali yana tambayar abin da ya kamata a tambaya tun farko: ƙarin nan, roƙo ne aka yi aka bayar, ko kuwa ritsawa?

6.0 Matsin da Doka Ba Ta Hana Ba

Matsalar da ta rage ita ce, ina hukuncin wanda ya yi barazana da abin da yake da ikon yi? A shari'ar CTN da Gallaher ta 1993, kamfanin taba ya kai sigari na fam 17,000 wani sito bisa kuskure, ɓarayi suka kwashe. Gallaher ya yi imani, bisa kuskure amma da zuciya ɗaya, cewa asarar tana kan mai saye, ya ce in ba a biya ba zai daina ba da kaya bashi. Babu dokar da ta wajabta masa ba da bashi. Mai Shari'a Steyn ya ce ba a yi tilas ba, ko da yake bai rufe ƙofar gaba ɗaya ba.

Amsa mafi cika ta zo ne daga Kotun Ƙoli ta Birtaniya a watan Agusta na 2021, a shari'ar kamfanin jiragen saman Pakistan, watau PIA, da Times Travel. Shi Times Travel ƙaramin kamfani ne na iyali a Birmingham, kusan duk cinikinsa sayar da tikitin zuwa Pakistan ne, a lokacin kuwa PIA kaɗai ke tashi kai tsaye tsakanin ƙasashen biyu. Dillalai da dama suna neman la'adar da suka ce an riƙe musu. A watan Satumba na 2012 PIA ya ba da sanarwar soke tsohuwar yarjejeniya, ya kuma rage tikitin da yake bai wa Times Travel duk mako biyu daga 300 zuwa 60. Duka biyun yana da ikon yi. Sa'an nan ya miƙa sabuwar yarjejeniya wadda a cikinta dillali zai yafe duk tsohuwar la'adar da yake nema. Times Travel ya sa hannu, don in bai sa ba sai ya rufe shago.

Alƙalin farko ya ce tilas ce. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncinsa a 2019, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da sokewar. Mai Shari'a Hodge, wanda alƙalai uku suka bi bayansa, ya ce ana iya samun tilas ta hanyar halattaccen aiki, amma a wurare biyu aka san ta: inda aka yi amfani da sanin laifin mutum ko na danginsa aka tsorata shi, da inda aka bi mummunar hanya aka jefa shi cikin rauni don ya yafe haƙƙinsa, kamar yadda ya faru a shari'ar Borrelli da Ting ta 2010, inda aka yi amfani da sa hannun jabu. Mai Shari'a Burrows ya bi wata hanya: a wurinsa ya isa a nuna cewa mai matsin shi ya haddasa raunin ko ya ƙara shi da gangan, kuma ya san sarai bashin da yake neman a yafe yana kansa. Amma shi ma ya ce Times Travel ya faɗi, don ba a tabbatar PIA ya san haka ba.

7.0 Sharhi

Idan muka jera Kafco da Times Travel, za mu ga raunin iri ɗaya ne: ƙananan kamfanoni biyu, kowanne ba shi da mafita, kowanne ya sa hannu don kada ya karye. Abin da ya raba su shi ne, Atlas bai da wani makami sai karya alkawari, PIA kuwa ƙarfinsa ya isa ya sami biyan bukata ba tare da ya karya kome ba. Sakamakon haka, gwargwadon ƙarfin mai matsi a kasuwa, gwargwadon nisansa daga hannun ƙa'idar. Wannan shi ne babban aibin da muke gani.

Ba za mu ƙi faɗin hujjojin kotu ba, domin suna da nauyi. Na ɗaya, kusan kowane ciniki yana da matsi a ciki, kuma in aka ce duk wanda ya saya don dole yana iya warwarewa, to, babu sulhun da zai tsaya. Na biyu, 'yan kasuwar duniya suna zaɓen dokar Ingila ne don sun san inda ta dosa. Na uku, tun a 1985, a shari'ar bankin National Westminster da Morgan, aka ƙi ra'ayin da Mai Shari'a Denning ya kawo a 1974 na kafa ƙa'ida a kan rashin daidaiton ƙarfin masu ciniki, aka ce wannan aikin majalisar dokoki ne, kamar yadda ta yi a dokar sharuɗɗan zalunci ta 1977 da dokar gasar kasuwanci ta 1998.

Duk da haka muna ganin kotun ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Yanka farashin ciniki mai zuwa dabam, neman a yafe tsohon bashi dabam. Mai kaya yana da ikon cewa ba zai sayar gobe ba sai da tsada, wannan kasuwa ce. Amma idan ya ce ba zai sayar gobe ba sai an yafe masa bashin jiya, to, ya yi amfani da ƙarfin kasuwa ne ya hana kotu duba wata magana da ita kaɗai ke da ikon yankewa. Haka kuma ma'aunin Burrows, ko da yake ya fi na Hodge kusa da adalci, ya rataya kome a kan abin da ke cikin zuciyar mai matsi, alhali babban kamfani ba ya rasa lauyan da zai samo masa hujjar da zai ce ya yi imani da ita. Ashe an baro zuciyar wanda aka matsa ne aka koma zuciyar mai matsi. Da an tambayi ko musun bashin yana da tushe a idon mai hankali, da ma'aunin ya fi tsayuwa. Ba kuwa abin da ba ya yiwuwa ba ne a tsara irin wannan: Faransa, a gyaran dokarta na 2016, ta sa sashe na 1143, wanda ya ɗauki cin moriyar dogaron da wani ya yi a kanka don samun riba mai wuce kima a matsayin tilas.

8.0 Abin da Ya Shafe Mu

Maganar nan ba ta Ingila kaɗai ba ce, domin kotunan Nijeriya sun gaji dokar yarjejeniya ta Ingila. Sai dai tun 1963, lokacin da aka daina ɗaukaka ƙara zuwa Landan, hukuncin Ingila shawara ce a gare su, ba umurni ba. Saboda haka alƙalinmu yana da sararin ya ɗauki abin da ya inganta, ya auna saura da halin kasuwanninmu, inda sau da yawa dillali ke rataye da kamfani guda. Bugu da ƙari, masu nazarin fiƙihun Malikiyya sun san cewa Muhtasar na Halil ya rataya rashin lizimtar cinikin wanda aka tilasta a kan tilas ta haram, masu sharhi kuma suka kawo misalin tilas ta halal da alƙali ya sa mai bashi ya sayar da kayansa don biyan masu bin sa. Watau duban halaccin matsi, wanda Ingila ta isa gare shi a 1982, ba baƙon tunani ba ne a wurinmu.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda ƙa'idar ta taso daga tilascin jiki zuwa na dukiya, ta bar maganar murƙushe nufi ta koma ga halaccin matsi, ta kuma zama garkuwa ga wanda abokin cinikinsa ya ritsa shi da barazanar karya alkawari. Mun kuma ga inda ta tsaya a 2021. Darasin aiki a bayyane yake: wanda aka matsa ya nuna ƙin yardarsa a rubuce, ya kuma nemi haƙƙinsa da zarar matsin ya kau. Tambayar da muke bar wa mahalarta wannan taro, musamman alƙalai da malaman shari'a, ita ce ko ya dace kotunanmu su tsaya inda Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta tsaya game da yafe tsohon bashi a ƙarƙashin matsin mai ƙarfi. Mu dai ra'ayinmu shi ne bai dace ba.